Ina Makomar Mai Rubuta Manhaja Ga Wayar Da Ba Kowa Ke Riƙe Da Ita Ba?

 

Tambayar da ɗalibai suka aiko mini ita ce: wanda ya duƙufa kan babbar manhajar waya wadda ba Android ba, ba iOS ba, irin su KaiOS da Sailfish da Ubuntu Touch, zai ci abinci da ita kuwa? Ba zai ci ba. In ma ya ci, ba zai ƙoshi ba. Amma ina so ya duƙufa ɗin, kuma a kan wannan muka shekara uku muna kai ruwa rana da abokaina na kwamitin tsara darussa.

Ba sai na ba ku labarin yadda Google da Apple suka raba kasuwa ba, kowa ya laluba aljihunsa. Wanda ya leƙa Farm Centre a Kano ya ga yadda Tecno da Infinix da Itel suka cika tebura. Maƙabartar manhajojin da suka mutu ma kun san ta. A Fabrairun 2011 Stephen Elop, shugaban Nokia a lokacin, ya sanar cewa Nokia za ta bar Symbian ta koma Windows Phone. Microsoft ta saye sashen wayoyin Nokia a 2014, kafin ƙarshen 2019 ita ma ta naɗe tabarma. Sa'o'ina sun tuna lokacin da saurayin da ba shi da lambar BBM ta BlackBerry ba ya cika baki a zance. BlackBerry 10 ta fito a 2013, ranar 4 ga Janairun 2022 aka kashe mata wuta. Mozilla ta wanke hannunta daga Firefox OS, Canonical ta ajiye Ubuntu Touch a 2017. Nan abokaina suke tsayawa su ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, a koya wa yara Flutter da Kotlin a huta.

Ni kuwa na ce a bi gawar har kabari a ga ko an binne ta. Ku ɗauki webOS. Kamfanin Palm ya fito da ita a 2009, HP ta saye Palm a 2010 kan dala biliyan 1.2, ta fitar da TouchPad a 2011, ko wata biyu bai cika a kasuwa ba ta janye shi. Kowa ya yi mata ta'aziyya. A 2013 LG ta ɗauke ta, yau ita ce a cikin talabijin ɗin LG da ke rataye a falon wasunku. Tizen ta Samsung ta gwada sa'arta a waya da Z1 a Indiya a 2015, ba ta kai labari ba, amma ita ke tafiyar da talabijin ɗin Samsung. QNX, wadda BlackBerry ta saya a 2010 ta gina BlackBerry 10 a kanta, tana cikin motoci sama da miliyan 200. Kamfanin da muka sani da waya, da motoci yake cin abinci yanzu. Daga burbushin Firefox OS aka gina KaiOS a 2017, ta shiga JioPhone a Indiya, Google ta zuba mata dala miliyan 22 a 2018, MTN da Orange suka kawo wayoyinta Afirka a 2019. Tsofaffin ma'aikatan Nokia da aka bari a rana suka kafa Jolla a Finland a 2011, suka yi Sailfish, kuma daga Sailfish aka samo Aurora ta Rasha.

Akwai wani zare da ya ratsa da yawa daga cikinsu, wato Qt. Wani kamfani a Norway ne ya ƙera wannan kayan aiki, Nokia ta saye shi a 2008. Da shi aka rubuta manhajojin Symbian na ƙarshe, da na Nokia N9, da na BlackBerry 10, da na Sailfish, da na Ubuntu Touch. Wayoyin sun shuɗe, Qt yana nan a allon gaban mota, da na'urorin asibiti, da injunan masana'antu. To wa ya yi asara? Wanda bai koyi komai ba sai ƙa'idojin shagon manhajar kamfani ɗaya, da yadda ake jera maɓallansa. Wanda ya iya C++, ya san cikin Linux, ya san yadda ake sa manhaja ta yi magana da ƙarfe, teburi kawai ya sauya. Wannan hujja na sha maimaita ta a kwamiti har an fara yi mini laƙabi da ita, kuma ban daina ba.

Bari in nuna muku yadda abin yake a kusa. Wani ɗalibina ya sayo tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi a wajen masu gyara, ya ce zai ɗora mata postmarketOS, wata Linux da masu sa kai suka fara a 2017 don raya wayoyin da kamfanoni suka yasar. Ya ɗora, waya ta kama, fuska baƙi ƙirin. Mako biyu yana zaune da igiyar caji a haɗe da kwamfuta, yana karanta saƙonnin da zuciyar manhajar ke fitarwa layi-layi, har ya gano cewa direban fuskar ne bai dace da wadda mai gyara ya taɓa sauyawa ba. Ranar da ta haska, da gudu ya shigo ofishina, ko sallama bai yi ba. Abin da ya koya a makonnin nan biyu ban taɓa iya cusa shi a zangon karatu guda ba.

Haka KaiOS. Fuskar wayar ba ta kai tafin hannu ba, ba a shafa ta, sai madannai. Ƙwaƙwalwar aikinta megabayit 256 ko 512. Da HTML da JavaScript ake rubuta mata, amma kowane hoto sai ka auna nauyinsa kamar mai awon gero a shekarar fari. Yaron da ya horu a nan, in ya koma Android, ba zai rubuta wa mai sayen datar ɗari biyu manhajar da za ta lashe ta kafin ta buɗe ba. Mutanenmu ke nan, su ne kasuwar.

Ana ce mini tallan guraben aiki Flutter yake nema. Gaskiya ne, kuma wanda ya yi abin da ɗalibin nan ya yi zai kama Flutter cikin 'yan makonni. A juya lissafin a gani. Ana kuma kawo mini HarmonyOS ta Huawei, wadda tun 2024 sabon zubinta ya daina karɓar manhajojin Android, ana cewa ga aiki nan. Akwai, amma a Sin yake, inda takunkumin Amurka na 2019 ya tilasta abin, ga kuma mutum sama da biliyan a bayansa. Manyan da ke mafarkin "babbar manhajar ƙasa" a taruka su fara gaya mana wa zai sayi wayar.

Ɗalibai, kada wanda ya fita daga nan ya ci bashi ya kafa kamfani a kan irin waɗannan manhajoji. WhatsApp ya shiga KaiOS, ya kuma fice, ba wanda ya shawarci masu rubuta mata. Abincinku ku neme shi a Android da intanet. Amma shekara guda kafin ku gama, ku shiga ɗaya daga cikin ƙananan al'ummomin da ke raya su, ku gyara kuskure ko ɗaya ne a karɓa da sunanku. Inda masu aiki ba su da yawa, gyaranka ba ya ɓacewa, kuma wanda zai duba maka shi sau da yawa injiniya ne da ya girme ka da shekara ashirin a sana'a, kyauta. UBports, masu riƙe da Ubuntu Touch tun da Canonical ta sake ta, ƙofarsu a buɗe take.

Ranka ya daɗe shugaban sashe, buƙatata ba ta sauya ba tun bara: a mayar da darasin C da na cikin Linux dole a aji uku, a ba ni ɗaki ɗaya mai wuta da tsofaffin wayoyi ashirin. Takardar tana ofishinka.