KARNUKA NAWA SUKA ISHI GIDA ƊAYA?

Jawabin da kwamitin tsabta da zaman lafiya ya gabatar a taron jama'ar Sabo, Ibadan



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Limamai da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Masu unguwanni, shugabannin kasuwa, iyayenmu maza da mata, matasa da sauran jama'a, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma godiya da kuka bar harkokinku kuka amsa wannan kira.

Maganar da ta tara mu yau, wani zai ji ta ya yi dariya, ya ce ashe har kare ya isa a kira taro dominsa. To, ya isa. Koke-koke sun yi ta zuwa gaban kwamiti. Wannan ya ce haushi ya hana iyalinsa barci. Wancan ya ce kare ya sa masa baki a buta. Wata uwa ta ce 'ya'yanta sun daina bin wani lungu zuwa makarantar allo. Masu fita sallar Asuba kuwa, wasu sai da sanda. Idan aka je wa mai karnukan da magana, amsarsa ɗaya ce: gadi suke yi mini, kuma wace doka ce ta ce nawa zan ajiye? To, wannan tambaya tasa ita muke son mu amsa yau, a gaban kowa, don kada gobe wani ya ce ba a faɗa ba.

Da farko mu yi wa masu karnuka adalci. Ba don sha'awa yawancinsu suka ajiye ba. Mai shago ya ga an fasa na maƙwabcinsa. Mai ɗakin ajiyar goro ko albasa ko wake ya san dukiyar mutane ce a hannunsa. Mai shanu a kara ba ya barci da ido biyu. Duk wanda aka taɓa haura masa katanga da dare ya san abin da haushin kare yake nufi. Saboda haka ba mu zo mu ce a kawar da karnuka daga Sabo ba. Mun zo ne mu ce komai yana da iyaka, mu kuma nuna inda iyakar take.

ABIN DA MALAMAI SUKA KARANTAR DA MU

Malamanmu suna zaune a nan, in mun yi kuskure su gyara mana. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa an yarda a riƙe kare saboda abu uku: farauta, tsaron dabbobi da tsaron gona. Wanda ya riƙe ba don ɗayan waɗannan ba, ladansa yana raguwa kullum. Malamai da yawa sun yi ƙiyasi, suka ce tsaron gida ma ya shiga ciki idan akwai bukata ta gaskiya. Har ana ba da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, cewa da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, shi ma ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik bai so haka ba, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani, da abin da ya fi kare ma zai ajiye.

To jama'a, ku lura da kalmar da ke maimaituwa: bukata. Izinin ya rataya ne a kan bukata, kuma abin da aka halatta don bukata, gwargwadonta ake ɗauka. Idan kare ɗaya ya isa ya tashe ka daga barci in ɓarawo ya zo, na biyu da na uku da na huɗu aikin me suke yi? Ƙofa ɗaya gare ka, ka tara karnuka biyar, wannan ya wuce gadi.

Kazalika addini bai yarda a wulaƙanta dabba ba. Mun ji labarin wanda aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, mun kuma ji na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Wato duk karen da ka ɗaure a gidanka, cinsa da shansa da lafiyarsa suna wuyanka. Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13. Kafin ka karɓi ɗan kwikwiyo kyauta, ka tambayi kanka ko za ka iya ɗaukar wannan amana tsawon wannan lokaci.

YADDA ƊAYA KE ZAMA GOMA

Ba wanda ya tashi da safe ya ce yau zan sayo karnuka goma. Da karya ɗaya ake farawa. Cikin karya kwana 63 ne, wato wata biyu da 'yan kwanaki. Takan iya haihuwa sau biyu a shekara, kuma kowace haihuwa biyar ko shida ba abin mamaki ba ne. Ku yi lissafi: 'yan kwikwiyo goma ke nan ko fiye a shekara guda. Matan cikinsu kuma, kafin su cika shekara sun isa ɗaukar ciki. Maigida ya kyautar da biyu, uku suka mutu, sauran suka girma a ƙarƙashin tebur da bayan ɗaki. Abinci bai isa ba, sai a buɗe musu ƙofa da dare su je su nema. Daga nan sai bola, sai bakin mahauta, sai cuɗanya da karnukan da ba su da mai su. Da safe su dawo tsakar gida inda yara ke rarrafe, ɗauke da kaska da ƙuma da tsutsar ciki, wani lokaci da abin da ya fi waɗannan muni.

CIWON HAUKAN KARE

Wannan shi ne babban abin da ya sa muka ce maganar ba ta dariya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kuma kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya suke. Kusan dukkansu daga kare suka samo shi. Abin da ya fi tayar da hankali, kimanin huɗu cikin kowane goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalili a fili yake: yaro shi ke wasa da ɗan kwikwiyo, shi ne gajere da cizo ke samu a fuska ko wuya, shi ne kuma zai ɓoye cizon don tsoron duka.

Ƙwayar cutar a cikin yawun kare take. Tana shiga ta cizo, ko yakushi, ko lasar wurin da ke da rauni, sai ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Rauni ya warke, kowa ya manta, sai zazzabi, sai firgita, sai mutum ya kasa haɗiye ruwa yana kuwa jin ƙishirwa. Idan aka kai nan, jama'a, kusan babu mai tashi. A irin wannan hali ne za ku ji ana cewa jifa ne ko iska, alhali cizon wata uku da suka wuce ne.

Amma Allah cikin rahamarsa ya sa akwai riga-kafi. Tun shekarar 1885 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allura, yaron kuma ya rayu. A nan ƙasarmu, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa allurar karnuka. Masana sun ce idan aka yi wa karnuka bakwai cikin kowane goma allura a yanki, cutar takan daina yaɗuwa. Ana fara yi wa kare yana wata uku, a kuma maimaita kowace shekara. Asibitin dabbobi na gwamnatin jiha yana nan Mokola, da ƙafa ma ana zuwa daga Sabo. Jami'ar Ibadan ma tana da nata. Ba mu da hujjar nisa.

Ga inda yawa ke cutarwa. Mai kare ɗaya zai iya sa masa sarƙa ya kai shi allura, ya biya, ya karɓi takarda. Mai karnuka bakwai, wa zai kama masa su? Da wane kuɗi? Sai ya yi wa biyu ya bar biyar, ko ya bar su duka ya ce Allah ya kiyaye. Allah yana kiyayewa, amma an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna.

In kuwa ƙaddara ta faɗa, kare ya ciji wani, ku riƙe wannan: a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a agogo, ba da ka ba. Kada a zuba barkono ko toka, kada a ɗaure. A tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Allurar ba sau ɗaya ake yi ba, akwai ranakun da likita zai rubuta, a cika su duka ko da rauni ya bushe. Karen kuma a tsare shi a sa masa ido kwana 10, a sanar da likitan dabbobi. Iyaye mata, don Allah ku gaya wa yara cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya faɗa, ba mai dukansa.

HAƘƘIN MAƘWABTA

Akwai wani gefen da ya shafe mu musamman, mu mazauna nan. Tun 1916 aka keɓe Sabo, kakanninmu suka zauna da fataucin shanu da goro. Fiye da shekara ɗari ke nan muna cin arziki tare da Yarabawa, muna ciniki, har da auratayya. Amma dukanmu mun san yadda ƙaramar magana ke girma idan ta shiga tsakanin ƙabila biyu. Mun ga Shagamu a 1999. Mun ga kasuwar Shasha a nan Ibadan a 2021, inda rigimar mutum biyu ta zama asarar rayuka da dukiya. Ba kare ne ya jawo waɗannan ba, amma darasin ɗaya ne. Maganar kare kanta ta taɓa kai mutane kotu: a 2016, a Sango Ota ta jihar Ogun, sunan da wani ya laƙaba wa karensa ya tayar da ƙura tsakaninsa da maƙwabta har aka gurfana gaban majistare, jaridu suka yi ta yayatawa.

Yanzu ku ɗauka karen wani daga cikinmu ya tsallaka titi ya ciji ɗan maƙwabcinmu Bayarabe, aka tambayi takardar allura babu. Ba za a ce karen wane ba ne, karen Hausawa za a ce. Laifin mutum ɗaya ya zama na jama'a duka. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma da irin waɗannan ƙananan abubuwa ake tsare shi.

A cikin gida ma haka ne. Yawancin gidajenmu na haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, wurin alwala ɗaya. Malikawa ba su ɗauki jikin kare mai rai najasa ba, amma an umurta a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai, kuma a cikinmu akwai masu bin fatawar da ta fi tsanani. Ba daidai ba ne mutum ɗaya ya jefa magidanta goma cikin shakka a kan butarsu da tabarmar sallarsu.

TO, NAWA NE?

Ga shawarar kwamiti, muna miƙa ta ga Sarki da dattawa su duba:

1. Gidan haya mai tsakar gida ɗaya: kada a ajiye kare sai da yardar mai gida da dukan magidanta. In sun yarda, ɗaya tak, kuma wurin kwanansa a waje, nesa da madafa da wurin alwala.

2. Gida mai katanga da ƙofa, na iyali ɗaya: ɗaya ya isa. In gidan babba ne mai ƙofa biyu, biyu. Na uku ya yi yawa.

3. Kara, ɗakin ajiyar kaya, gareji da mafarauta: gwargwadon girman wuri, amma a san sunan mutum guda da zai amsa tambaya a kan kowane kare.

4. Kowane kare ya kasance da takardar allura ta shekarar, mai unguwa kuma yana da ikon ya nemi gani.

5. Mai karya ya kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata aikin hana haihuwa, namiji kuma a fiɗiye shi, sai fa in an san inda 'ya'yan za su.

6. Da rana a ɗaure, a inuwa, da ruwa a gabansa. Da dare a sake shi cikin katanga kawai, a kuma mayar da shi kafin kiran sallar farko.

7. Wanda karensa ya ciji mutum, ko ɗan wa ne, kuɗin magani yana kansa, kuma shi zai fara zuwa ba da haƙuri tare da mai unguwa.

Wanda yake da fiye da wannan adadi a yanzu, ba mu ce ya kai su bola ya zubar ba, wannan ƙara wa jama'a matsala ne, kuma zalunci ne ga dabba. Ya zo mu zauna, a nemi masu gona ko masu garke da ke bukata, a yi musu allura kafin a miƙa.

Ma'aunin a taƙaice shi ne: duk karen da ba ka san aikinsa ba, ba ka iya ciyar da shi, ba ka yi masa allura ba, ko ba ka san inda ya kwana jiya ba, to shi ne ya yi yawa, ko da shi kaɗai ne gare ka.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, tun 2007 ake yin ta. Muna roƙon a amince mu riƙa amfani da ita, kowace unguwa ta tattara karnukanta a kai su allura rana ɗaya, matasa su taimaka wa dattawa da kamu. Muna kuma roƙon limamai su taɓo wannan magana a masallatai, domin akwai kunnen da sai daga mumbari yake ji.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya tsare dukiyarmu, ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu. Allah ya ja zamanin Sarki.