Yadda Ake Awon Ɗigon Jini

 Darasinmu na yau a kan awon jini ne.

Kun san amosanin jini, wanda waɗansu ke kira emasi. Yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi. Ciwon nan ba maita ba ne, gadonsa ake yi daga uwa da uba.

A cikin jini akwai wani sinadari mai ɗaukar iska zuwa ko'ina cikin jiki. Na mai amosanin jini ya ɗan fi na mai lafiya rashin nauyi. Bambancin kamar a ɗebe ƙwayar gero 1 ne daga cikin 1,000. To, da wane sikeli za a auna wannan?

Ku tuna da shiƙar hatsi. Tsaba takan faɗi kusa, ƙaiƙayi ya tafi nesa. Akwai na'ura mai rarrabe sinadarai bisa ga nauyinsu, amma ita da lantarki take shiƙa. Sai an ɗora wa kowace ƙwaya ɗan ƙarfin lantarki, sannan na'urar ke iya fizgarta. Wuyar aikin ita ce a ɗora shi ƙwayar ba ta farfashe ba.

John Fenn na Amurka ya samo dabarar fesa ruwan ta bakin siririyar allura mai lantarki. Feshin ya bushe cikin iska, ƙwayoyin su saura da lantarkinsu. Koichi Tanaka na Japan kuwa, hasken leza ya harba wa abin, ƙwayoyin suka tashi lafiya lau. A shekarar 2002 aka ba su kyautar Nobel. Da irin waɗannan dabaru, ɗigon jini daga diddigen jariri, ko ya bushe a kan takarda, ya isa awo.

Na'urar nan tana da tsada ƙwarai, amma akwai waɗansu hanyoyin awo masu sauƙi, kuma a Yamai akwai cibiyar ƙasa mai kula da wannan ciwo. In miji da mata duka suna ɗauke da irin ciwon, ko da su lafiyarsu ƙalau, kowane ciki yana da haɗarin kashi 1 cikin 4. Saboda haka, kafin a ɗaura aure, ku tambayi ma'aikacin asibiti inda ake awo. In an ba ku takardar sakamako, ku karanta da kanku, ku adana ta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.