Abin da ɓera ya koya wa likitoci game da tsoro

Yau zancenmu a kan ɓera ne. Kada ku yi dariya tukuna.

Kai da kake kiwo ka san saniyar da ta taɓa firgita a wata mashaya. Shekara ta zagayo, ruwa lafiya lau, amma da an doshi wurin sai ta toge, ko sanda ba ta motsa ta. Wannan halin ne masana suka daɗe suna bincike a kansa, kuma da ɓeraye suke yi, don sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe tsoro a ɓera akwai irinsa a saniya, akwai a mutum. Sunansa amigdala. Joseph LeDoux na Jami'ar New York a Amurka yana cikin waɗanda suka bi hanyar da sauti ke bi daga kunne zuwa can.

Ga yadda ake gwajin. A sa ɓera a akwati, a kunna wata ƙara, sai a ɗan ja shi da lantarki a ƙafa. Sau kaɗan ya isa. Gobe in an kunna ƙarar ita kaɗai, sai ɓeran ya ƙame, ba abin da ke motsi a jikinsa sai numfashi. Tsawon wannan ƙamewar ake aunawa a ce ga yawan tsoronsa.

To, inda ya fi shafar mu shi ne gudu. A 1948 Neal Miller na Jami'ar Yale ya yi akwati mai ɗaki biyu, fari da baƙi. A farin ake jan ɓera da wuta, ya tsere zuwa baƙin. Daga baya aka kashe wutar gaba ɗaya, aka rufe ƙofa. Wasu ɓerayen har suka koyi murza wata 'yar ƙafar keke don ƙofar ta buɗe su fice. Me suke gudu? Ba komai. Amma duk ficewa tana sanyaya musu zuciya, wannan sanyin kuma shi ke ƙara ɗaure su ga gudun. Tunda ba sa tsayawa, ba su da hanyar gane cewa wutar ta ɗauke. A ganina nan ne mugun tarkon yake.

Ku dubi kanmu. Mutum ya gamu da 'yan bindiga a hanyar kasuwa, ko an kore masa shanu da dare. Ya daina bin hanyar. Wannan hankali ne, in har haɗarin yana nan, kuma ba ni ce muku ku koma dajin da ba a amince da shi ba. Matsalar ita ce tsoron ba ya tsayawa a inda ya faru. Ƙarar babur a cikin gari, haushin kare, warin hayaƙi, duk su tayar masa da hankali. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sannu a hankali ya bar cin kasuwa, ya bar shiga mota, jari ya narke yana zaune a gida.

Wanda aka taɓa girgizawa sosai kuma ya fi saurin kamuwa. A ɗakin binciken Michael Fanselow a Los Angeles an ja ɓeraye da wuta sau 15 a akwati ɗaya. Da aka kai su wani akwatin daban aka ja su sau 1 tak, tsoron da suka nuna ya zarce na waɗanda ba a taɓa taɓawa ba nesa ba kusa ba. Don haka in ɗan'uwanka ya ruɗe a kan abin da kake gani ƙarami ne, ba ragonta ba ce. Ba duka ɓeraye ke zama haka ba, kamar yadda ba duk wanda ya ga tashin hankali ke kamuwa da ciwon firgici ba.

Tsoron yana sauka? Yana sauka. In aka yi ta kunna ƙarar ba wuta, ƙamewar sai ta ragu. Sai dai Mark Bouton na Jami'ar Vermont ya nuna cewa tsohon tsoron ba gogewa yake ba, sabon darasi ne ke danne shi. Canja wa ɓeran akwati, sai ya dawo. Shi ya sa wanda ya samu sauƙi a gida zai iya jin gabansa ya faɗi a tasha, kuma wannan ba ya nufin aikin ya lalace. Masu bincike a Japan sun kuma ga cewa ɓeran da ke tare da ɗan'uwansa wanda bai tsorata ba, ƙamewarsa ta fi sauƙi.

Daga irin wannan aikin likitocin ƙwaƙwalwa suka ƙarfafa hanyar da suke bi da mutane: a tunkari abin tsoron kaɗan-kaɗan, a inda aka tabbatar babu haɗari. Yau bakin tasha tare da amini, jibi 'yar gajeriyar tafiya. In wata guda ya wuce kana mugun mafarki, barci ya ƙi, kana zabura, kana kauce wa wuraren neman abincinka, je asibiti mafi kusa, ko ta wane tsallaken ne, ka faɗa wa ma'aikacin lafiya yadda abin ya faru da abin da ka daina yi tun ranar.