Kafin ka miƙa kuɗin gyaran waƙa

 

Yau maganarmu da kai ce, kai da ka sayar da rago ko buhun riɗi domin ɗanka ko ƙanenka ya fitar da waƙarsa, ta biki ce ko ta bege. An naɗa, an haɗa murya da kiɗa, sai aka ce maka saura aiki ɗaya, wai shi mastarin, a ƙaro kuɗi. To mene ne shi, kuma wa za ka ba?

Mastarin shi ne gyaran ƙarshe. Ka san shadda, bayan rini sai a kai ta wurin masu bugu ta yi ƙyalli. To haka yake. Mai wannan aiki yana daidaita ƙarfin sauti, ya rage kaifin da ke sukar kunne, ya sa waƙar ta fito daidai a waya da rediyo da lasifikar mota. Amma bugu ba ya ɗinke yagaggen yadi. In iska ta shiga makirfo lokacin naɗi, ko kalangu ya danne murya tun wurin haɗawa, a koma can a gyara tukuna. Wanda ya ce maka zai gyara komai da mastarin, yi hattara da shi.

Tafiya neman sauti mai kyau tsohon abu ne a wurinmu. A'isha Falatiya, 'yar Hausawa da aka haifa a Kasala, sai da ta je Alƙahira aka naɗi muryarta a faifai, kuma ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940. Yau, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ma'aikatan sauti da yawa sun bar Khartum. Saboda haka akan yi aikin ta waya, da wani a Kano, ko Alƙahira, ko Adis Ababa, mutumin da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Nan ne kuɗi ke salwanta.

Na farko, kada ka sayi saniya da ƙafarta cikin ruwa. Ka ce ya turo maka aikin da ya taɓa yi, kafin gyara da bayan gyara. In ka samu wanda ya saba da kalangu da goge da sarewa, ya fi, don ya san yadda ya kamata su fito. A Kano, wajen titin Zoo Road, akwai masu wannan aiki da yawa saboda finafinan Hausa. Sannan ka nemi ya gwada maka rabin minti daga taka waƙar.

Na biyu, saurara da abin da mutanenka ke saurare da shi. Makiyayi ƙaramar waya gare shi da memori, direban lori kuma lasifikar mota. Ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da amon babbar ganga, to in duk daɗin waƙar can yake, a daji ba za a ji komai ba. Ka gwada a waya, ka gwada a mota, ka gwada a tsakiyar kasuwa. In kalmomi suna fita tar, aiki ya yi.

Na uku, kada ƙara ta ruɗe ka. Kunne yakan ɗauka abin da ya fi ƙara shi ya fi daɗi. Ka rage murya har tsohon da sabon su zo daidai, sannan ka kwatanta. YouTube da Spotify ma suna rage waƙar da ƙararta ta yi yawa, ka ga an matse sauti a banza ke nan.

Na huɗu, yadda za ka tura. Fayil iri biyu ne za ka riƙa ji, WAV da MP3. WAV shi ne cikakke, minti ɗaya yakan ci wajen megabait 10, wato waƙar minti biyar ta kai 50. MP3 matsattse ne, an zubar da wani abu daga cikinsa. Mai gyara WAV yake bukata. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin takarda, kada ka kunna waƙar ka ɗauka da saƙon murya. Ka nemi wurin da intanet ke da ƙarfi ko da za ka jira dare. Wanda ya karɓi MP3 bai ce uffan ba, wallahi bai damu da aikinka ba.

Na biyar, ciniki. Ku fatake ba sai an koya muku ba. A yanke farashi tun farko, a faɗi da wane kuɗi, fam ne ko naira ko bir, don canji ba ya tsayawa wuri ɗaya. A faɗi ranar gamawa, da sau nawa zai sake gyara in bai yi maka ba. Ka ba da rabi, ta Bankak ko ta hannun amintacce, sauran sai ka ji aiki. Kuma a rubuta a saƙo cewa waƙar taku ce, ba zai ɗora ta ko'ina da sunansa ba.

Akwai kuma shafukan intanet irin LANDR da na'ura ke yin gyaran cikin 'yan mintuna, da araha. Suna iya fitar da kai in aljihu ya yi sanyi, sai dai ba wanda za ka ce wa ya sassauta maka goge a baiti na biyu.

In aiki ya kammala, ka karɓi WAV da MP3 duka, ka ajiye a memori biyu, ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa. Waya na faɗawa rijiya, kuma ba kullum ake samun ragon sayarwa ba.

Allah Ya sa albarka a nema, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.