Akuyar maƙwabci da simintin gwamnati

Iyayenmu dattawa, ƴan uwana da kunka komo daga biɗa, ku yi mini haƙuri, yaro ne za ya yi magana gaban manya.

In wani ya saci akuya ran kasuwa, gari duka za ya bi shi da ihu, ko aure ya nema sai an tuna mishi. Amma in ɗanmu ma'aikaci ya kwashe simintin lakwal ya gina gida, sai mu tahi barka, mu ce Allah ya buɗa mishi. Wanda ko ya yi shekara talatin a duwan ya hito da keke, mu ce sakarai ne, bai tsinana ma dangi komi ba. Ko sunan abin mun sake: jandarma ba ya cin hanci, goro yake ci.

Ba ko'ina ake haka ba. A ƙasar Suwidin, cikin 1995, mataimakiyar firaminista, Mona Sahlin, ta sayi kayan gabanta, har da cakulan, da katin kuɗi na gwamnati. Ta maida kuɗin, ba a ma kai ta kotu ba, amma surutun jama'a ya sa ta aje aiki. Su can, kuɗin gwamnati lanhonsu ne, suna tsaron shi kamar hatsin rumbu.

Mu ko, a ganina tun zamanin kumandan munka koyi wannan hali. Lanho na Nasara ne, aikin dole nashi ne, wanda ya zambace shi gwani ne. Nasara ya tahi a 1960, har yau muna cewa kayan gwamnati ba su da mai su. Dattawa sun tuna yunwar 1973: hatsin taimako ya iso ƙasa, wasu manya sunka karkata shi, talakawa na tonon gidan tururuwa. Yana cikin dalillan da Seyni Kunce ya bada da ya hamɓare mulkin Diori ran 15 ga Afrilu 1974. Zamaninshi ma'aikata sun shiga taitayinsu don tsoro. Da ya rasu a 1987, tsoron ya bi shi kabari.

Yanzu ga asusun rijiyarmu. Kuɗin nan guminku ne na Abijan, Legas da Libiya. Ina roƙo kowane taro ma'aji shi karanta abin da ya shigo da abin da ya hita, da Hausa, da ƙarhi. Kada a hidda ko dala sai da sa hannun mutum biyu waɗanda ba gida ɗaya ba. Wanda ya tambayi lissahi kuma, kada a ce ya ci mutuncin ma'aji.

Ranka ya daɗe Mai gari, in ka yarda, a ɗaga hannu bisa wannan kahin la'asar.