Ɗan Kwangila Da Kos Ɗin Ma'aikatan Kamfani: Ya Shiga Ko Ya Ƙi?



Maganar da aka ɗora mini yau ƙarama ce a ido, amma ta shafi abincin mutane da yawa daga cikinmu a Ikko da Badun da Fatakwal. Ga mutum mai walda, ko mai babbar mota tasa ta kansa, ko mai gyaran wuta, ya karɓi kwangila a wani kamfani a Apapa. Ana nan sai manaja ya aiko da takarda cewa ranar Litinin za a fara kos na kwana uku domin dukan ma'aikata, shi ma ana so ya zo. To, ya je ko kada ya je? Wanda bai san dawan garin ba zai ce ai ilmi kyauta ba abin gudu ba ne. Gaskiya ne, amma a idon doka ma'aikaci dabam, ɗan kwangila dabam, kuma irin wannan zama yana cikin abubuwan da kan rikitar da iyakar da ke tsakaninsu.

Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce, a ba shi hutun kwana shida aƙalla bayan shekara guda, kuma in ya yi shekara biyar ba a sallamarsa sai da sanarwar wata guda. Dokar diyya ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Dokar fansho ta 2014 kuwa ta ce kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Ɗan kwangila ba shi da hutu ko fansho a wuyan kamfani. Abin da yake da shi shi ne 'yancinsa: ya yanka farashinsa, ya zaɓi lokacinsa, ya aika yaronsa a madadinsa, gobe ya yi wa wani kamfanin aiki ba wanda zai tuhume shi.

Yaya alƙali yake gane wannan daga wancan? A 2008 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Shena Security da kamfanin Afropak, wadda kuma a kan masu gadi aka yi ta, sana'ar da ta tara 'yan'uwanmu da dama. Kotun ta ce a duba ko albashi ake biya ko kuɗin aiki, wa ke kawo kayan aiki, ko mutum yana da ikon wakilta wani, ko an yanka masa sa'o'in zuwa da tashi, da kuma inda ake yin aikin. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon shari'ar ƙwadago, ita ma abin da ake yi a zahiri take bi, ko da takarda ta kira mutum da wani suna. Saboda haka zuwa kos sau ɗaya ba ya mai da kowa ma'aikaci. Shaida ce guda a cikin shaidu, watau tana nuna ko kamfani yana sarrafa mutum kamar nasa.

A ganina kos ɗin ba iri ɗaya ba ne. Akwai na kiyaye haɗari, inda ake nuna wa mutum ƙofar fita in gobara ta tashi, da sa hular kwano, da inda ba a kunna ashana a defon mai. Wannan kowa ya je, ba sai an yi shawara ba, domin wuta ba ta tambayar takardar kwangila. Akwai kuma na koyon wani inji ko wata hanyar aiki ta kwamfuta wadda ba za ka iya cika kwangilarka ba sai da ita. Shi ma ka je, amma da sharaɗi. Ma'aikacin da ke zaune kusa da kai albashinsa yana tafiya, kai kuwa motarka tana tsaye, yaranka suna jiran kuɗin abinci. Kafin ranar ka nemi a rubuta cewa kwana ukun nan za a biya ka su, kuma a littafin halarta ka rubuta sunan sana'arka da kalmar ɗan kwangila, kada a zuba ka cikin jerin ma'aikata.

Inda zan ce a tsaya shi ne kos na ladabtar da ma'aikata, da ƙa'idodin ƙarin girma, da sa hannu a littafin dokokin cikin gida. Mai sana'ar kansa ba shi da abin yi a can. Yau kos ne, gobe a ce ya riƙa sa hannu da ƙarfe takwas, jibi a ce kada ya aiko yaro sai shi da kansa, kafin ya farga ya ɗauki nauyin ma'aikaci ba tare da ko kwabo na fansho ba. A yi godiya cikin ladabi, a ce aiki ya yi yawa, a nemi a aiko da abin da ya shafi kwangilar a rubuce. Manajan kirki ba zai ji haushi ba, domin lauyan kamfaninsa ma abin da zai gaya masa ke nan.

Yanzu bari in juyo ga mafi yawanmu, waɗanda sunan kwangila kawai aka laƙaba musu. Mutum ya shekara bakwai a ƙofa ɗaya, da rigar kamfani a jikinsa, daga shida na yamma zuwa shida na safe, ana biyansa a ƙarshen wata, amma ana ce masa ɗan kwangila domin kada ya tambayi mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Ɗan'uwa, kai ka je kowane kos aka kira ka, ka adana takardar gayyata da takardar shaida a cikin akwati tare da katin shiga. Ranar da aka ce kada ka dawo gobe, waɗannan takardu su ne bakinka a gaban alƙali. In kuwa wani kamfanin gadi ne ya kawo ka, sanar da shi tukuna kafin ka je, domin a takarda shi ne ubangidanka, ko da yake akwai shari'o'in da kotu ta ɗora wa kamfanonin biyu alhaki tare.

Wanda aka ba takarda bai fahimce ta ba, kada ya dangwala yatsa a ranar. Ya kawo ta zango a karanta masa, ko ya kai ta ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharsa. Shugaba, na ga hannuwa a sama daga wajen direbobi, sai a ba su dama.