Noma a Ƙasar Tsakuwa ta Ladak



Yau za mu leƙa Ladak, can arewacin Indiya, tsakanin duwatsun Himalaya. Kwaruruka ne masu tsananin sanyi, ruwan sama kuwa ɗan kaɗan ne a shekara.

Ƙasar wurin yashi ce da tsakuwa. Yashi da tsakuwa, jama'a. Ka zuba mata ruwa, ya zarce kamar a rariya. Ba ta da taki na kanta, domin ciyawa ba ta da yawa, kuma sanyi na hana ganye ruɓewa da wuri.

To, yaya ake noma ta?

Da farko, ruwa. Idan ƙanƙarar kan duwatsu ta narke, manoma su janyo ruwan ta ƙananan magudanai zuwa gonakin da suka daddatse a gangare. Ana ban ruwa bi da bi, kowa da ranarsa.

Sai taki. Kashin dabbobi, har da na makewayin gida wanda ake busarwa da ƙasa, duk gona ake kai shi. Ni wannan tattalin ya fi burge ni.

Cikin 'yan watannin ɗumi sukan girbe sha'ir da alkama da dankalin turawa.

Mu kwana nan. A huta lafiya.